Shekarar da Aka Kai Bindiga Fagen Baka

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ara mini kwana har na ga 'ya'yan jikokina. Na sa a rubuta wannan ne saboda wata magana da kuka taso kuna ji a bakin mutane. An ce muku ubanku, wanda ake kira Na-Kamaru, tsohon sojan Nasara ne mai saurin hannu, ya harbi wata Bafulatana a ƙauyenmu aka kore shi, shi ya sa kuka girma a Gusau ba a gidan kakanninku ba. To ni ce matarsa, ni ce kuma 'yar mutumin da ya kamata a ambata a cikin labarin amma ba a ambata ba. Su biyun sun riga mu gidan gaskiya, ni kuwa ban gaji haƙurin ko ɗayansu ba. Sunan ubanku dai ba zan kama ba. Ban kama yana raye ba, ba yanzu da furfura zan fara ba.

Ƙauyenmu yana gefen Karakkai, a ƙasar Bungudu, kuma mahaifina, kakanku, shi ne Sarkin Baka. Duk wanda ya rataya kwari da baka a wannan yanki a ƙarƙashinsa yake. Kowane maharbi yana da zanen da yake yi wa kibiyarsa, kuma in an yi farauta nama ya faɗi, Baba ake kawo wa kibiyar da aka zare, ya juya ta a hannu ya ce ta wane ce, magana ta ƙare. Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, ba ya dariya sai da dalili. A bayan gari akwai wani fili ƙarƙashin kuka da ake kira fagen baka. Nan kakansa ya koya wa ubansa harbi, nan ubansa ya koya masa. Gaba da fagen gonarmu ce, gaba da gonar kuma akwai turbar da matan Fulani ke bi daga ruga su kawo nono. Fulanin nan a gonarmu suke sauka kowane rani tun kafin a haifi Baba. Cikinsu akwai Hajjo, ƙawata tun muna 'yan mata, doguwa, mai tafiya kamar ba ƙwarya a kanta, kuma mai bakin tsokana da ya fi nawa.

Ubanku mutumin Tsafe ne, maraya. Yana saurayi aka kwashe su ɗaukar kaya, daga nan ya zama soja, ya yi yaƙin Jamus a Kamaru. Da aka sallame shi bai tarar da kowa nasa a Tsafe ba, sai ya biyo wani abokinsa zuwa wajenmu, aka ba shi gona. Ku da kuka zo daga baya ba ku san yadda ake kallon tsohon soja a lokacin ba. In ya zauna a inuwa sai hira ta mutu. In ya shiga sahu a masallaci sai a duba ƙafarsa, wai ko alwalarsa ta bariki ce. Baba ya ba shi ni, gaskiya ne, amma ya ba shi ne saboda na tsaya kai da fata, kuma Inna ta gaji da kukana. Abin da ubanku yake so a duniya bai wuce guda ba: a ce shi ma mutumin garin nan ne, ya mutu a binne shi a cikinsu.

Shekarar da nake faɗa, birai da aladun daji sun addabi gonakin da ke gindin dutse. Ubanku yana da bindigar toka da aka ba shi izinin riƙewa, maƙerin gari yana da wata, akwai ta uku kuma wurin wani bafatake. Manoma biyu suka zo wurin ubanku suka ce ya koya musu harbi. Ya kai su gindin dutse, can nesa da gari, ya jingina tsohon faifai a jikin dutsen, ya ce duk abin da ya kuskure faifan dutse zai tare shi. Haka abin ya fara, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci da kuma Asabar da hantsi. Kafin kaka ta ƙare mutum biyu sun zama taro. Magidanta na zuwa da samarinsu, mata na biyo su da fura, har daga Wonaka da Tsafe ana zuwa a kwana. Ubanku ba ya ba sabon shiga bindiga. Karan dawa yake ba shi, ya yini yana koyon ɗauka da ajiyewa ba tare da ya nuna kowa da shi ba. Sai ya gamsu sannan ya nuna masa awon albarushi da yatsa, da yadda ake ɗura dalma, da yadda ake riƙe numfashi kafin a ja kunama. Wanda duk ya ɗaga bakin bindiga sama da faifai, ubanku zai kai wa bindigar mari ta yi ƙasa, ko da mai gemu ne. Ni ma na harba sau ɗaya. Na runtse ido, na zauna daɓas a ƙasa, Hajjo ta yi wata guda tana kwaikwayona a bakin rijiya.

A wannan kakar na fara ganin ubanku yana dariya da haƙoransa duka. Mutanen da ke tashi in ya zauna suka koma matsa masa wuri a tabarma. Baba ne kaɗai bai taɓa leƙa gindin dutse ba. Yana ji ana ta labarin bindiga, samarin da ya kamata su zo fagensa sun koma bin ƙarar albarushi. Sai ran nan ya aiko ƙanensa da saƙo, ya tsuguna a zaurenmu ya ce:

"Sarkin Baka yac ce gindin dutsi ya yi ma tsohhi da mata nisa. Harbi a garinga wuri guda garai. A dawo da koyon hwagen baka, ya ba da shi."

Ku gane girman wannan magana. Baba bai taɓa ba wa wanda ba jininsa ba wannan fili. Ma'anarta ya karɓi surukinsa a gaban kowa. Ubanku ya yi godiya ƙwarai. Amma da ɗan saƙon ya fita sai na ga ya zauna ya riƙe kai.

"Lahiya?" na ce.

"Wurin nan ba shi yi," ya ce. "Ba dutsi bayanai. Harsashi ba kibiya ba na. In ya kuskure, ƙetare gonarku shikai ya kai turbar ruga. Ana iya kashe mutum."

"To tashi ka hwaɗa mishi mana."

Ya dube ni kamar na ce ya shiga kasuwa ba wando.

Ku yaran yanzu da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna musun siyasa ba za ku gane ba. Ubanku bai taɓa haɗa ido da Baba ba. In ya hango shi a hanya sai ya ratse, ya tuɓe takalmi ya tsuguna har ya wuce. Ba ya ci a gabansa, ba ya kiran sunansa, balle ya ce masa abin da ka ba ni bai yi ba. Hanyar magana ɗaya ce: shi ya faɗa mini, ni in faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa Baba. Na je na faɗa wa Inna kamar yadda aka faɗa mini, har da kashe mutum, ban rage ko kalma ba. Inna ta zaro ido ta ce ita ba za ta iya ɗaukar wannan ɗanyar magana ta kai wa Sarkin Baka ba, sai ta gyara ta. Ina bayan zana ina ji lokacin da ta kai masa tuwo.

"Yaron nan ya gode ƙwarai," ta ce. "Sai dai shina tunanin ko hwagen bai yi kusa da turba ba."

Baba ya yi irin dariyarsa mai dalili.

"Kusa? Kakana, da babu mai jan baka irinai, kibiya tai ba ta taɓa kai rabin gonag ga ba. Ki ce ya kwantar da hankalinai."

Baba ba wauta ya yi ba. Ya auna nisan da ma'aunin da ya sani, kuma ma'aunin nan bai taɓa yi masa ƙarya ba. Na sake komawa wurin Inna, ta sake gyarawa, amsa ta sake dawowa iri ɗaya, har da ƙarin cewa ko surukin ya raina kyautar ne. Da ubanku ya ji wannan sai ya daina aike. Ya ɗauki fartanya da kwando, shi da masu koyo suka tara tudun ƙasa a bayan inda za a rataya faifai, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Ya sauke faifan ƙasa-ƙasa. Ya sa wani magidanci ya riƙa zama a kan turba duk ranar koyo, ya tsayar da masu wucewa har a gama. Makonni suka wuce lafiya, har na fara cewa a raina sojan nan tsoro ne ya yi masa yawa.

Wata Asabar da hantsi, fage ya cika fiye da kullum, sai ga Baba ya fito da rigarsa ta farauta mai layu. Ya tsaya gindin kuka ya ce shi ma zai taɓa abin nan ya ji. Wuri ya ɗauki guɗa. Maƙeri ya ce don girmama Sarkin Baka a ɗura bindigogin uku a tashe su tare, Baba a tsakiya, ubanku a damansa, shi a hagu. Labari ya kai turba, mutumin da aka sa gadi ya ce shi ba za a ba shi labarin wannan rana ba, ya taso ya shigo taro. Ba wanda ya lura. Ba wanda kuma ya isa ya miƙa wa Sarkin Baka karan dawa ya ce ya fara da shi.

Ina tsaye a bayansu da tulun ruwa, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Baba ya riƙe bindigar da kyau, ya auna faifan. Sai ya yi abin da hannunsa ya saba yi tun yana yaro: ya ɗaga bakinta sama kaɗan, yadda mai baka ke ɗagawa don kibiya ta yi lilo ta sauko a kan abin da aka nufa. Ubanku ya gani. Na ga hannunsa na hagu ya saki bindigarsa ya taso, hannun nan da ya mari bindigar mutum nawa, ya zo daf da ta Baba, ya tsaya a iska. Bai iya ba. Sai ya kau da kai, ya faɗa wa iska, ba da sunan kowa ba:

"A yi ƙasa kaɗan."

Guɗar mata ta cinye maganar. Maƙeri ya ba da alama, bindigogi suka tashi, hayaƙi ya rufe su. Ƙura ta tashi a jikin tudun wuri biyu. Mutane na ta sowa, ni kuwa ina neman ta ukun. Sai muka ji ihu daga can ƙetaren gona.

Hajjo ce. Ta taso da nono za ta kawo wa taron. Mun same ta a kwance a kan turba, ƙwarya ta fashe, nono da jini sun haɗu a cikin rairayi. Dalmar ta shige ta a ƙugu. Ta dube ni ta ce, "Ke, mi na yi muku?" Har yau in na rufe ido ina jin wannan tambaya.

Wanzami ya ciro dalmar, Allah ya sa da sauran kwananta. Da la'asar aka taru a ƙofar mai gari, Fulani a gefe guda da sandunansu, mutanen gari a gefe guda. Aka yi abin da aka saba yi: aka sa dalmar a ƙoƙo aka ajiye a gaban Sarkin Baka, ya faɗi mai ita. Baba ya ɗauka ya juya ta a hannu. 'Yar dunƙulalliyar aba ce, ta lotse, ba zane ba alama. Ya daɗe yana juyawa. Ni na san ya san mai ita. Ya buɗe baki, kuma na rantse da Allah ban san abin da zai faɗa ba. Kafin ya yi magana ubanku ya tsuguna a tsakiyar fili, kansa a ƙasa.

"Tawa ta," ya ce. "Ni na ɗura ta, ni na harba. Ni kuma na san halin bindiga, na yarda anka yi harbi wurin da bai dace ba. Ba ruwan kowa."

Baba ya mayar da dalmar cikin ƙoƙo. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Aka kai magana Bungudu. Aka karɓe bindigarsa, aka hana koyon, dabbobin da muka tara suka tafi ga dangin Hajjo. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne bakin mutane. Waɗanda jiya suke matsa masa tabarma suka ce dama sun faɗa, wanda ya saba harbin mutane a ƙasar wasu ba ya dainawa. Fulani suka kwashe bukkokinsu daga gonarmu, ba su sake sauka a cikinta ba. Na je rugar kafin su tashi. Hajjo na kwance, an ɗaure ƙugun da tsumma. Ba ta kore ni ba, amma ba ta tsokane ni ba, ta yi mini gaisuwa irin ta baƙi. Ta rayu, ta haihu ma, sai dai ba ta sake ɗaukar ƙwarya a ka ta yi tafiyar nan tata ba. Da sanda ta ƙare rayuwarta, kuma rabona da ita ke nan.

A gida na tayar wa ubanku da hankali. Na ce na gani da idona, zan fita in faɗa.

"Ki hwaɗa a ce mi?" ya ce. "A ce Sarkin Baka ya harbi baƙuwar gonatai? A tuɓe shi da tsuhwanai? Ni dama ba ni da suna garinga, aro anka ba ni. Shi kuwa sunan nan shi kaɗai garai."

"Ɗiyanka hwa? Su da wane suna za su tashi?"

Na ji haushinsa, na ji haushin Baba, na ji haushin Inna da gyaran maganarta. Mutum uku masu kirki, kowanne yana kare mutuncin wani, suka haɗu suka karya mace a kan hanya. Ba korarmu aka yi ba kamar yadda ake faɗa. Zama ne ya gagara. Kafin damina muka ɗaure kaya muka yi Gusau, muka kama ɗaki wajen Sabon Gari. Mutumin da magidanta ke tsayawa a gabansa suna koyo ya koma dakon buhun gyaɗa, daga baya ya yi leburan hanyar jirgi. Bai sake taɓa bindiga ba, bai kuma taɓa bari a zagi Baba a gabansa ba, ko da ni ce.

Bayan wasu shekaru, wata rana da azahar, aka yi sallama. Na leƙa sai ga Baba, shi kaɗai, da ƙafa ya zo, ya rame har rigar ta yi masa yawa. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ubanku ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ba shi gefe kamar kullum. Suka gaisa, suka yi maganar ruwa da ta gero. Ina daga ciki na kasa kunne. Sai Baba ya gyara murya.

"Ɗana," ya ce. Bai taɓa kiransa haka ba. "Ranar nan ta hwage, akwai abin da..."

Ubanku ya miƙe zumbur.

"Baba bai sha ruwa ba," ya faɗa wa bango, ya ɗauki buta ya fita.

Ga randa cike a tsakar gida, amma rijiyar unguwa ya tafi, bai dawo ba sai da rana ta yi sanyi. Baba ya jira har ya gaji. Ya dube ni, na dube shi, karo na farko a rayuwata ban sunkuyar da kai ba. Na so ya faɗa mini ni, ko da ni kaɗai. Ya ɗauki sandarsa ya ce in gaida yara. Da ubanku ya dawo na tare shi tun daga ƙofa, na ce mutum ya tako tun daga Karakkai don ya wanke ka, ka gudu.

"Na ji abin da ya kawo shi tun da yac ce ɗana," ya ce. "Ya ishe ni. Sauran in ya hwaɗa, ina zan sa idona?"

Shi ya ishe shi. Ni bai ishe ni ba, ku ma bai ishe ku ba, kuma Hajjo ba wanda ya tambaye ta.

Daminar nan Baba ya rasu, da sarautarsa da sunansa, ba tabo. Muka je. Aka fito da shi ƙofar gida don a yi masa salla, mu mata muna ciki, na sami tsagar zana na sa ido. Gari duka ya fito, har da maharban Tsafe da na Wonaka. Na hango ubanku ya zo ya shiga sahun baya, a can ƙarshe. Na damansa ya dube shi ya matsa. Na hagunsa, mutumin nan da aka sa gadin turba ya bar ta ran nan, shi ma ya matsa. Liman ya ce a daidaita sahu a haɗa kafaɗa, ba wanda ya motsa. Ubanku bai waiwaya ba. Ya ɗaga hannu ya yi kabbara, hawaye na bin gemunsa, yana roƙa wa Baba gafara, shi kaɗai a cikin taro, da fili a damansa da fili a hagunsa.